Kaza a Kan Gwangwani: Abin da Tukubar Damagaram Ta Riga Ta Sani

A kudancin ƙasar Amurka akwai wata dabarar gasa kaza da ta yi suna har ta ƙetare teku. Ana buɗe gwangwanin giya, a rage kusan rabin abin da ke ciki, a zura shi cikin kazar da aka fige aka gyara, sannan a tsayar da ita a murhun gashi mai murfi, ƙafafunta biyu da gindin gwangwanin suna riƙe da ita kamar duwatsun murhu. Masu yin ta suna cewa giyar tana tafasa, tururinta ya ratsa naman daga ciki, ya hana shi bushewa, ya kuma ba shi ƙamshi. A shekarar 2002 wani marubucin girke-girke, Steven Raichlen, ya fitar da littafi sukutum da sunan wannan dabara, abin da ya ƙara yaɗa ta. Yau duk mai wayar hannu a unguwannin Birni, Zango ko Sabon Gari na Damagaram yana iya cin karo da bidiyonta, wani lokaci har da shawarar cewa wanda ba ya taɓa giya ya sa gwangwanin lemo a madadinta. Kazar kuwa tana fitowa ja jawur, fatarta tana sheƙi, duk wanda ya gani sai yawunsa ya tsinke.

Tambayar da ta kamata mai gashi da uwargida a Damagaram su yi ita ce: mene ne ya sa kazar nan ta yi kyau? Idan aka bi abin daki-daki za a tarar gwangwanin bai tsinana komai ba illa riƙe kazar a tsaye, abin da ke cikinsa kuwa bai kai ga naman ba, hasali ma ya tare wa zafi hanya. Amfanin duka yana cikin tsayuwar da kuma nisan nama da harshen wuta. Wannan ilimi ne da mahautan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da shi a gindin tukuba, da wanda kowace unguwa take nunawa ranar layya. Don haka abin da ya dace mu ara daga waje ba gwangwani ba ne, ɗabi'ar aunawa da gwadawa ce, wadda ita ce ma ta tona asirin gwangwanin.

Giyar da ba ta tafasa

A fara da yadda zafi yake tafiya. Idan aka gasa kaza ɗungurungum, zafi yana shiga ne daga fata zuwa ciki, saboda haka ramin cikinta shi ne wuri na ƙarshe da yake ɗumama. Kaza tana nuna idan tsakiyar tsokarta ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyos, wanda shi ne mizanin da ma'aikatar noma ta Amurka ta gindaya. Ruwa kuwa ba ya tafasa sai a digiri 100, giya kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ce, sinadarin da ke sa maye bai wuce kashi 5 ba a yawancin ta, shi ma sai a digiri 78 yake tafasa. To gwangwanin da nama mai sanyi ya rungume shi ta kowane gefe, naman da za a sauke shi tun yana digiri 74, ta yaya abin da ke cikinsa zai tafasa? Greg Blonder, masanin kimiyyar fiziya da ya koyar a Jami'ar Boston, ya gwada wannan tare da marubucin gashin nama Meathead Goldwyn: sun sa ma'aunin zafi, sun auna nauyin gwangwani kafin gashi da bayansa. Abin da suka gani shi ne giyar ba ta kai ga tafasa ba, raguwarta ba ta taka kara ta karya ba, wani lokaci ma maiƙon kazar ne yake tsiyaya cikin gwangwanin ya rufe saman giyar.

Ko da a ce tururin ya tashi, ba zai yi abin da ake jingina masa ba. Ɗanyen naman kaza kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne tun asali. Yayin da zafi ya kama shi, zaruruwan tsoka suna tsukewa suna matse ruwan waje, babu wata ƙofa da tururi zai bi ya cusa wani ruwa ciki. Duk matar da ta taɓa barin ƙirjin kaza ya daɗe a tukunyar farfesu ta san yana fitowa a bushe yana dagargajewa a baki, alhali cikin romo ya nuna. Abin da ke tsare ruwan nama abu biyu ne: kada zafi ya wuce kima, sannan a sa gishiri da wuri ya samu lokacin shiga tsoka, domin gishiri yana taimaka wa nama riƙe ruwansa. Ƙamshi ma haka. Ɗan abin da ya tashi daga bakin gwangwani yana fita ne ta ramin wuya ya bi iska, bangon gwangwanin kuma ya shiga tsakaninsa da sauran cikin kazar. Tafarnuwa, citta da kanumfari da aka dandaƙa aka shafa wa naman kai tsaye sun fi shi aiki nesa ba kusa ba.

Rashin amfani kaɗai da sauƙi, amma akwai cutarwa. Kazar da cikinta yake fayau, iska mai zafi tana shiga ta gasa ta daga ciki da waje a lokaci guda. Da zarar an toshe ramin da gwangwani mai ruwa, an mayar da wurin da ya fi wuyar nuna ya ƙara wuya. Sai fata ta yi ja, ido ya ce an gama, alhali naman da ke manne da ƙashin baya da gaɓar cinya bai kai ba. A ɗanyen naman kaza ne ƙwayoyin cuta irin su Salmonela da Kamfilobakta suke zama, masu haddasa gudawa da zazzaɓi, waɗanda suka fi yi wa yara da tsofaffi illa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a tabbatar abinci ya kai digiri 70 ko'ina a jikinsa, ba a bayansa kaɗai ba. Ga kuma haɗarin cire gwangwani mai cike da ruwan zafi da narkakken kitse daga cikin kazar da ta kama shi gam, a tsakar gidan da yara ke kai da komo.

Abin da tsayuwa take yi

To me ya sa dubban mutane suke rantsuwa cewa ba su taɓa cin kaza mai daɗin wannan ba? Ba ƙarya suke yi ba, dalilin ne suka ɗora a inda ba nan yake ba. Kazar da aka tsayar, babu gefen da ya kwanta a kan ƙarfe ko cikin romonta, iska mai zafi tana zagaya fatar gaba ɗaya, kitsen da ke ƙarƙashin fata yana narkewa ya gangara ƙasa, fatar ta bushe ta yi ƙaras-ƙaras. Cinyoyi, waɗanda suke da jijiya kuma suka fi son zafi mai yawa, su ne a ƙasa kusa da wuta. Ƙirji, wanda ba shi da kitse kuma yake saurin bushewa, yana can sama. Bugu da ƙari, dabarar tana tilasta wa mai gashi ya ture garwashi gefe, ya rufe murhu, ya yi haƙuri. Ba'amurken da ya saba jefa nama kan harshen wuta ya ƙone bayansa, ranar da ya bi wannan tsari dole ya ga bambanci. Sai ya gode wa giya, alhali haƙurinsa da nisan wutar ne suka yi aikin.

Wannan tsari shi ne ainihin tukubar mai tsire. Ana tara toka ko ƙasa a yi tudu mai zagaye, a hura wuta a tsakiya, a kakkafa tsinkaye a gefe suna tsaye, sun ɗan karkata suna fuskantar wutar. Naman ba ya kan wuta, yana gefenta ne; hucinta ne yake gasa shi. Maiƙon da ya narke yana ɗiga cikin toka maimakon ya faɗa kan garwashi ya tayar da harshen wuta da baƙin hayaƙi, hayaƙin da masana lafiya suka tabbatar yana ɗauke da sinadarai masu illa idan ya manne wa nama. Mai tsire yana juya tsinke, yana matso da wannan, yana janye wancan, yana yayyafa man gyaɗa, yana lura da inda iska ta karkata. Garin ƙuli-ƙuli da aka barbaɗa wa naman yana zama masa riga, ya kare shi daga ƙuna ya kuma riƙe yaji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo da ka. Sana'a ce da ake gada, mai shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Fawa, wadda yaro yake koyo shekara da shekaru kafin ubangidansa ya bar masa wuta.

Ranar Babbar Sallah kuwa abin yana fitowa fili a garuruwan Nijar. Ana feɗe ragon layya, a buɗe shi, a ɗame shi a jikin sanduna biyu da aka gicciya, maƙwabta su haɗa nasu a jere a kewaye babbar wutar itace, a bar su a tsaye tun hantsi har dare ana juyawa. Rago guda ya fi kaza kauri ninkin ba ninkin, amma yana nuna har ƙashi, saboda an buɗe cikinsa ga wuta, ba a cusa masa komai ba. Sauran al'ummu ma da suka ƙware a gashi a kan wannan hanya suka tsaya. Makiyayan Ajantina suna ɗame rago ko ɗan akuya a gicciyen ƙarfe su kafa shi gefen wuta. A Indiya da Pakistan ana zura kaza a tsaye cikin tanderun ƙasa bayan an tsattsaga tsokarta. A Sin ana rataye agwagwa a cikin tanda. Shawarma da ta cika biranenmu ita ma a tsaye take juyawa a gaban wuta. Ashe tsayar da nama tsohuwar hikima ce ta duniya, gwangwani ne baƙo a cikinta.

Sai kuma a dubi kazar da muke da ita da murhun da muke da shi. Dabarar gwangwani an yi ta ne don kazar gidan gona ta Amurka, wadda ake yankawa tana da mako shida ko bakwai, mai nauyin kilo biyu ko kusa da haka, mai taushi, mai kitse, mai faffaɗan ciki. Kazar da ake kawowa kasuwar Dole daga ƙauyukan Mirya, Magarya da Matamai ta yi watanni tana kiwo a bayan danga. Ƙarama ce, tsokarta a ɗaure, kitsenta kaɗan, ɗanɗanonta kuma ya fi. Gwangwani mai faɗin santimita shida da rabi da ƙyar zai shige ta, zabo kuwa ya fi ta rashin kitse. Irin wannan nama idan ya daɗe a busasshen zafi sai ya yi tauri. Shi ya sa masu gashi suke tsaga kaza ta buɗe ta kwanta shimfiɗe, kaurinta ya zo ɗaya, su riƙa shafa mata mai, daga baya su rufe ta ta turara da albasa. Murhunsu ma yawanci rabin duro ne da waya a kai, babu murfi. A buɗaɗɗiyar wuta kazar da aka tsayar a kan gwangwani ƙasanta zai ƙone, samanta yana ɗanye.

Abin da za a iya cewa

Wani zai ce ai maganar giya ba ta taso ba, tunda wuta tana ƙone ta, ko kuma a sa lemo a huta. Kashi na farko ba daidai ba ne ko a ma'aunin kimiyya: wani bincike da aka yi wa ma'aikatar noma ta Amurka, aka wallafa a 1992, ya nuna abincin da aka dafa da giya yana iya riƙe daga kashi 5 zuwa 85 cikin ɗari na sinadarin mayen, gwargwadon yadda aka dafa da tsawon lokaci. Ga Musulmi kuma hukuncin bai tsaya ga maye ba. Sayen giya da shigar da ita cikin abinci haramun ne, malaman Malikiyya da wannan ƙasa take bi kuma suna ɗaukar ta najasa. Kashi na biyu ya kawar da matsalar addini, wannan gaskiya ne, amma bai taɓa sauran ba. Lemon gwangwani ma ruwa ne da sukari, ba zai tafasa ba, sukari kuma ba ya bin tururi. An sayi lemo an zubar, an toshe cikin kaza, ba a samu komai ba.

Akwai kuma gwangwanin kansa. Na alminiyon ne, an shafe cikinsa da siririn roba don kada abin sha ya ci ƙarfen, bayansa kuma fenti ne da tawada. An ƙera shi don abin sha mai sanyi, babu wanda ya tsara shi don ya zauna sa'a guda a murhu yana goga da nama. Sinadarin BPA, wanda aka daɗe ana amfani da shi a irin wannan shafe, Faransa ta hana shi a mazuban abinci tun 2015, Tarayyar Turai ma ta bi sahu a ƙarshen 2024. A nan mai ja zai iya mayar da martani mai ƙarfi: yaya za a tsorata da fentin gwangwani a ƙasar da ake naɗe balangu mai zafi a takardar buhun siminti, ake zuba miya a baƙar leda? Wannan magana gaskiya ce, kuma ba ta wanke gwangwani ba, mu ta kama. Takardar siminti ba a yi ta don abinci ba, kamar yadda ba a yi gwangwani don wuta ba. Hujjar da ta kore ɗaya ita ce ta kore ɗayan, kuma wanda yake kishin gashin gargajiya shi ya fi cancanta ya fara neman takarda mai tsabta.

Wani kuma zai ce wannan duk ƙyamar baƙon abu ce aka yi wa rigar kimiyya. Tarihin garin nan bai goyi bayan wannan zargi ba. Damagaram ta girma ne da karɓar baƙi da hajarsu. Unguwar Zango masaukin ayarin Buzaye ce da fataken da suka ratso hamada daga Tarabulus ta Agadas, gishirin Bilma yana sauka, hatsi da fatu suna hawa, hanya kuma ta miƙe zuwa Kano da Kukawa. Baturen nan Heinrich Barth ya tarar da ita cibiyar ciniki a ƙarshen 1852. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, bai tsaya ga sayen bindiga daga arewa ba, ya sa maƙeran gari suka ƙera igwa. Daga 1911 zuwa 1926 nan ce hedikwatar Nijar kafin a mayar da ita Yamai. Ko yajin da muke tinƙaho da shi baƙi ne suka cika shi: gyaɗar da ake ƙuli-ƙuli da ita, barkono, tattasan Difa da tumatir duk asalinsu nahiyar Amurka ne, kanumfari kuma daga tsibiran Indonesiya. Magabata sun karɓe su ne don sun gwada sun ga amfaninsu. Wannan ma'auni ɗaya ake neman a ɗora gwangwani a kai, ya kuma gaza.

Akwai lissafin makamashi, wanda a Sahel ba ƙaramin abu ba ne. Littattafan girkin Amurka da kansu suna ba kazar gwangwani sa'a ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi. Irin wannan kaza idan aka tsaga ta aka shimfiɗa, tana nuna cikin kamar minti 45. Bambancin nan gawayi ne, gawayi kuma itace ne. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon itatuwa, musamman gawo, yana girma a gonakinsu, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, aikin da duniya take misali da shi. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 tana samar da iskar gas, amma gashin kasuwa har yanzu da itace da gawayi ake yin sa, don masu saye ƙamshin wuta suke nema. Ga mai sana'ar da yake gasa kaji da yawa kowane dare, hanyar da take kusan ninka lokaci tana cin ribarsa, tana kuma cin dajin da wasu suka sha wahalar rayawa.

Wanda yake da tanda ko murhu mai murfi, yake kuma sha'awar kaza a tsaye, babu abin da ya hana shi. Ƴan walda da maƙeran garin nan za su iya lanƙwasa masa matsayi na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai buɗaɗɗen ciki da iska za ta ratsa, da faranti a ƙasa mai tare maiƙo. Zai samu duk amfanin tsayuwa ba tare da ko ɗaya daga cikin illolin gwangwani ba. Amma babban abin aro shi ne ƙaramin ma'aunin zafi mai tsini da ake soka wa nama. Tsohon mai gashi yana gane nunar kaza da yatsa da launin ruwan da ke fita daga cinya, sai dai wannan ƙwarewa ta shekaru ce, yaransa da matan gida masu gasa kajin gidan gona da ba su saba da kaurinsu ba ba su da ita. Ma'auni yana ba su amsa nan take. Malamai da ɗaliban Jami'ar André Salifou ma suna da aiki a nan: su je gindin tukuba su auna zafinta, nisan tsinke da wuta, gawayin da kowace hanya take ci, da abin da takardar siminti take bari a jikin nama, su rubuta sakamakon da Hausa yadda mahauta za su amfana. Ilimin gashi yana nan a hannun masu shi. Abin da ya rage shi ne a auna shi, a gyara inda yake da rauni, a kuma koyar da shi da hujja, yadda duk wata sabuwar dabara da ta zo gobe za a san da me za a gwada ta.